Tafiyar Maraɗi da Sunan Ɗan Fari

Akwai wata magana da na daɗe ina ji kuna yi ƙasa-ƙasa, ku 'ya'yana, duk sanda aka taru a gidanmu na Ƙofar Marusa. Wai Afi, matar babban yayanku, ita ce ta janye shi daga gida a shekarun nan da ya ɗauke ƙafa, ita ta hana mu ganin 'ya'yansa. Ke Rahila kin fi kowa riƙe zancen, har yau gaisuwar da kike yi mata ba ta wuce fatar baki. Ba zan bari ku binne ni da wannan a ranku ba. Ku natsu ku ji yadda abin yake daga bakin wadda ta je ta gani, shekarar da na bi zumuntar matan majami'armu zuwa Nijar.

Kun san ni tashin ƙauye ce, can wajen Malumfashi. Mu masu bin Almasihu ne tun iyayenmu, amma Hausawa ne mu har ɓargo, kuma a wajenmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama ta zuba masa ido, in ya faɗi ma sai ta jira wata ta ɗaga shi. Ana yaye yayanku kakarku ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Shi ya sa duk unguwa ke ce mini Maman Dauda, alhali Dauda na biyu ne. In dole ta kama sai in ce Babba, ko in ce wancan. Wannan kunya ce, da ita ake gane macen da ta fito gidan mutunci, kuma uwata haka ta yi wa yayarmu har ta koma ga Ubangiji, ban ji wanda ya kai ƙara ba.

Da ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki aka tura shi aikin bishara a wani ƙauye gaba da Maraɗi. Can ya ga Afi, 'yar wani malamin makaranta mutumin Togo, amma tashin Maraɗi ce, Hausa a bakinta kamar ruwa. Da farko duk Kirsimeti suna hanya. Zuwansu na ƙarshe, bayan rasuwar babanku, ni aka ba addu'ar iyali da safe. Na bi ku ɗaya bayan ɗaya da suna, ke Rahila, kai Dauda, har autanmu, na roƙa wa kowa abin da ya dame shi. Da na zo kan yayanku na ce, da wancan na Nijar da iyalinsa, ka kiyaye su. Haka nake faɗa tun fil azal, ban ga wani sabon abu a ciki ba. Washegari suka ɗaure kaya suka tafi, ko naman da aka soya ba su jira ba. Daga nan sai uzuri, bana girbi, baɗi hanya ba kyau, wata shekarar aiki ya yi yawa. Rahila ta yanke hukunci cewa baƙuwar ce ba ta san al'ada ba, ta ɗauka ba a son mijinta, ta zuga shi. Ni ma na hau kan zancen na zauna daram.

Ana nan sai Dauda ya shigo wata rana da rana tsaka, ya ce sun yi waya da yayansa, wai dangin Afi sun samo masa aiki a Togo, in damina ta wuce za su tattara su koma can gaba ɗaya. Togo! Ni da ko Kano sai na yi shawara da gwiwoyina. Na san in suka tsallaka can shi ke nan, sai dai su zo jana'iza.

A makon nan aka yi sanarwa a majami'a cewa zumuntar mata za ta aika 'yan mutane ziyarar bishara ta 'yan kwanaki zuwa ƙananan majami'un da ke kewayen Maraɗi, a yi addu'a tare da su, a duba marasa lafiya, a ƙarfafa ma'aikata, mai ƙawa a can kuma ta gai da ƙawarta. Da aka jero garuruwan, na yayanku ne na ƙarshe. Ban san sanda hannuna ya tashi sama ba. Kun dai tuna rigimar da aka sha a gidan nan. Rahila ta kawo maganar hanyar Jibiya da masu tare mutane, Dauda ya kawo hawan jini, autanmu ya ce in addu'a ce ai daga kan tabarmata ma tana isa Nijar ba fasfo. Na ce masa to sannu malamin Attaura. Na ce muku zan je in ga Saratu ne, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda aure ya kai ta Maraɗi. Ba ƙarya na yi ba, amma rabin zancen na ba ku.

Wadda na gaya wa gaskiya ita ce Hajiya Gambo, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, wadda tun zuwanmu unguwar muke musayar tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti. Tana tsinke zogale ta saurare ni har na gama, sannan ta ture faranti gefe.

"Ke Maman Dauda, kada ki bari ɗiyan zamani su juya ki. Wace uwa mai hankali ka kama sunan ɗan fari? Ki tai ki zaunar da yarinyar nan ki koya mata al'ada, magana ta ƙare."

Ta ƙulla mini daddawa da ƙuli-ƙuli ta ce in kai wa jikoki, ta ce za ta sa mu a addu'a har mu dawo. Da wannan shirin na shiga mota, zan je in ba surukata karatu.

Mun tashi da sassafe cikin bas ɗin haya, duk mun sha ankon zumunta, ga tulunan kiɗanmu an naɗe su da tsumma a baya. Daga Katsina waƙa muke yi kamar masu kai amarya. Muna kama hanyar Jibiya sai waƙar ta riƙa raguwa da kanta har ta mutu, kowa ta sunkuyar da kai leɓe na motsi, direbanmu Musulmi shi ma yana jan nasa. Sai da muka wuce Magama, jandarmomi suka duba takardunmu suka ce mu wuce, sannan wata ta saki ajiyar zuciya da ƙarfi har muka fashe da dariya. Ban taɓa sanin ruwan randa na da daɗi haka ba sai da na sha a Ɗan Isa.

Aikin kansa ya yi mini daɗi, kada ku ce don yayanku kawai na je. Mun shiga majami'ar da rumfar kara ce kawai, mutanen ba su cika tabarma uku ba, amma in suka ɗaga waƙa sai tsikar jikinka ta tashi. Mun yi wa wata mata addu'a da ƙafarta ta kumbura, muka gasa mata da ruwan ɗumi. Mun tarar da wani tsoho makaho da ya haddace waƙoƙin littafi har yana gyara mana baiti. A wani gari maigarin, Musulmi ne, ya aiko mana da fura cike da ƙwarya, ya ce tunda masu roƙon Allah ne mu, mu haɗa da ruwan sama don gero ya fara lanƙwasa. Ga kuma yadda muke yi a ko'ina kafin mu tashi: a shimfiɗa tabarma a tsakiya, mai bisharar wurin da matarsa su durƙusa, mu kewaye su, ɗaya daga cikinmu ta ɗora musu hannu ta kira sunan mijin da na matar da na 'ya'yansu ta miƙa su ga Allah. Matar fastonmu ce ke zaɓen mai yi. Yarinya ce mai kirki daga kudancin Kaduna, sai dai irin kunyarmu ta nan ba ta dame ta ba, nata ɗan farin ma a gaban kowa take rungume shi.

Saratu kuwa na same ta haƙora sun gudu sun bar ta, amma bakin yana nan yadda na san shi. Muka rungume juna muna kuka muna dariya, ta ce na tsufa, na ce ta nemi madubi. Muka kwashe yini muna tono mutanen da, wa ya mutu, wa ya rage. Da na kawo maganar Afi na fara zazzaga, sai Saratu ta katse ni. Ta ce ita dai ta san yaron nawa ya rame, sauran kuma in je in gani da idona. Ta ɗauki gyalenta ta ce da ita za a ƙarasa tafiyar.

Mun isa ƙauyen yayanku da hantsi. Yana tsaye bakin majami'ar da ya gina da hannunsa, ta ƙasa ce da rufin kwano. Ya bi mata yana gaisarwa, da ya zo kaina ya durƙusa, na amsa ina kallon wata bishiyar kuka da ke gefe, kamar yadda na saba. Amma ta wutsiyar ido na ga rigar ta yi masa yawa. Jikokina kuwa na damƙe su na ƙi saki, don su ba kunya tsakaninmu, na ce wa babban ya zama miji marar cefane, shekara da shekaru ko gishiri. Afi ta kai gwiwa ƙasa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta cire mini takalmi da hannunta. Na ce a raina, ladabin kura, za mu gamu.

Da la'asar aka yi sujada. Aka yi waƙa, aka buga tulu, aka shimfiɗa tabarma, yayanku da Afi suka durƙusa. Ina shirin rufe ido sai na ji matar fasto ta ce, cikin murna abinta, yau ba sai an yi zaɓe ba tunda ga mahaifiyarsa a wurin. Tsofaffin da muka zo tare suka fara tarin ƙarya, wata ta ja gyale ta rufe baki. Ba yadda zan yi, na tako na ɗora hannu a kansa. Rabon da hannuna ya taɓa kan nan tun yana shan nono, yau ga furfura a ƙarƙashin yatsuna. Na fara addu'a. Na kira Afi da suna, na kira yaran ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kansa sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya cak, na ji idon tsofaffin nan a bayana ko da yake a rufe suke. Sai na ce, da bawanka wannan, ka riƙe shi. Na ji wuyansa ya saki a ƙarƙashin hannuna, kan ya ƙara yin ƙasa. Aka ce amin, ya tashi ya yi wa kowa godiya, ya ce bari ya je ya duba ko direba ya ci abinci.

Washegari da safe, ranar da za mu juyo, na sami Afi ita kaɗai a madafa tana tankaɗen garin gero. Na ce yau ga ni ga ki. Na tsaya a kanta na ba ta karatun da na ƙullo tun daga Katsina: yadda ake kunyar ɗan fari, yadda uwata ta yi, yadda duk macen kirki ke yi, da cewa wanda ya shigo cikin mutane al'adarsu yake tambaya kafin ya yanke musu hukunci, balle ya kwashe musu ɗa ya kai bakin teku. Ban rage komai ba, kun san bakina in ya buɗe. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ajiye rariya ta goge hannu a zani.

"Mama, na san al'adar nan tun kafin a ɗaura mana aure. Mama Saratu ce ta zaunar da ni ta koya mini, ni kuma nake bayyana wa yara in sun tambaya. Duk Disamba ni ke ɗaure kaya, shi ke cewa a bari sai baɗi. Maganar Togo ma shi ya kira yayyena ya roƙe su, ni ban son tafiya."

Na ce ƙarya ne, ai shi Bahaushe ne, a cikin abin aka haife shi. Ta ce ya sani sarai, kuma bai taɓa cewa na yi laifi ba. Ta ce shekara zagaye yana bin gida-gida yana kiran sunayen 'ya'yan mutane a gaban Allah, ranar da suka baro Katsina kuwa sai da suka tsallake iyaka sannan ya ce mata, a tsakar gida ya yarda shi wancan ne, amma bai zaci har a gaban Allah ma wancan ba ne. Na tambaye ta, to da ta ji muna zaginta shekarun nan, don na san zancen yana isa, me ya hana ta buɗe baki?

"Gara ku ji haushina da ku ji nasa, Mama. Ni baƙuwa ce, nawa mai sauƙi ne."

Rahila, ki ji wannan wurin da kyau. Matar da kike amsa wa gaisuwa da hanci ke nan.

Abin da ya fara zo mini haushi ne, ba zan ɓoye muku ba. Ƙato da furfura, uban 'ya'ya, mai wa'azi a kan mumbari, a ce abin da ke cin sa ke nan? Sai kuma na zauna a kan turmin da ke kife. Har gobe ban ce al'adarmu laifi ce ba, ta raini mutane masu kunya da kara, kuma ni ban san wata hanyar son ɗa ba sai ita. Amma na zauna ina auna abu biyu. In na riƙe kunyata zan koma Katsina da mutuncina a idon tsofaffin zumunta, shi kuma ya tafi Togo da abin nan a cikinsa har ranar da za a kira shi a ce na mutu. In na sake ta, na san abin da zai biyo baya, kuma ya biyo, don har yau akwai wadda ke ce mini 'yar zamani in mun haɗu a majami'a, wata ma cewa ta yi na je ƙasar waje na zubar da abin da uwata ta ba ni. Na daɗe a kan turmin nan har Afi ta gama dama kunu.

Aka loda kaya, aka ɗaure tuluna, mata suka shiga mota ana ta sai wata rana. Ni ma na shiga na zauna kusa da Saratu. Yayanku ya ja ƙofar bas ya rufe, ya yi wa direba Allah ya kiyaye, ya ɗaga mana hannu gaba ɗaya, ya juya ya nufi majami'a. Direba ya ta da mota. Ina kallon bayansa ta taga, rigar nan tana lilo a jikinsa, sai na ji na buga ƙofa na ce a tsaya. Saratu ta tura ƙofar ta riƙe mini hannu na sauka, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure.

"Iliya."

Muryar ta fito 'yar ƙarama, kamar ba tawa ba. Ya tsaya. Ya duba wajen rijiya, ya duba wajen gidan maƙwabta, yana neman wanda ya kira shi. Ko kusa bai kalli inda nake ba, don bai san yadda sunansa yake a bakina ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, shi ya kuma buɗe mini maƙogwaro. Na sake kira da ƙarfi, yadda nake kiran Dauda in ya bar mini ƙofa a buɗe.

Ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallona, ni ma karo na farko na tsaya na kalle shi ido cikin ido, na ga ashe hancin babanku ne da shi sak.

"Na'am, Mama."

Na ce ya zo ya durƙusa, addu'ar jiya ban gama ba. Ya zo ya zube a cikin yashi a gaban mota, Afi ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya. Na ɗora hannu biyu a kansa na ce, ya Uba, ga Iliya, ɗana na fari, wanda ka fara buɗe mini ciki da shi. Abin da na faɗa bayan wannan ban riƙe ba, na dai san na yi ta maimaita sunan kamar mai biyan azumi, kafaɗunsa na girgiza a ƙarƙashin hannuna. Da na ce amin sai Saratu ta callara guɗa da bakinta marar haƙori, direba ma na ji ya ce amin. Wani nauyi da ban san ina ɗauke da shi ba ya sauka daga ƙirjina, na ji iska tana shiga har ciki.

Bai tashi ba. Ya share fuska da hannun riga, yana kallon ƙasa, ya tambaye ni ko ɗakin Kaka yana nan ko mun zuba 'yan haya. Na ce yana nan, sai dai rufin yana yoyo, kuma ni ba ni da mai hawa sama, Dauda tsoron tsani yake ji.

Ana gama girbi ya iso Ƙofar Marusa da bandir ɗin kwano a saman mota, da matarsa da 'ya'yansa a ciki. Maganar Togo kuwa ban sake jin ta a bakin kowa ba.